Kakar Damben Samanja Maharazu

Maharazu ɗan mahautan Rano ne gaba da baya. Ubansa mahauci, kakansa mahauci, kawunnansa duka fawa suke yi. An haife shi tun kafin zuwan Turawa, ya tashi a bakin mayanka kamar sauran 'ya'yan gidan, sai dai Allah bai sa masa sana'ar a hannu ba. In an ba shi akuya ya feɗe, sai ya huda fatar wuri uku. In an ce ya kasa nama, wani kashi ya yi tudu wani ya yi kwari, masu saye su yi ta cacar baki a kansa. Abin da Allah ya hore masa shi ne baki. Yana iya tsayawa a kan fatar da ya huda ya yi maka bayani har ka yarda da hujinta aka haifi akuyar.

A wancan zamani dambe wasan mahauta ne. Da an yanke dawa an kai rumbu, sai samarinsu su naɗe hannu da zare, su ɗauki makaɗi, su bi garuruwa suna karawa da 'yan damben kowane gari, su dawo da riguna da raguna da dammunan hatsi. Maharazu ya shiga fage sau ɗaya a samartakarsa, a Madachi. Makaɗi bai kai ƙarshen takensa ba aka kwaso shi. Ya ce rana ce ta shige masa ido. Da aka tuna masa cewa ranar tana bayansa, sai ya ce ai daga goshin abokin karawarsa ta dawo, don mugun ya shafe fuska da man shanu. Bai ƙara naɗa hannu ba, amma babu damben da za a yi a ƙasar Rano bai zauna a sahun gaba ba, yana gaya wa na kusa da shi inda wanda ya sha kaye ya yi kuskure. Ba a taɓa jin ya ga kuskuren tun mutum yana tsaye ba.

Da dangi suka ga wuƙa ba ta karɓe shi ba, sai suka ɗora shi a kan fatu. Shi ke loda wa jakuna ƙiraga da fatun awaki ya kai Kano, kwana biyu a hanya, ya sayar ya dawo. Aikin ya dace da shi, don ciniki da baki ake yi.

Shekara guda bayan jirgin ƙasa ya iso Kano, jakinsa ɗaya ya gurɗe a Fagge, dole ya yi kwana huɗu yana jiran ƙafar ta saki. Zaman banza ya kai shi bakin barikin soja, inda ake fareti kowace safiya. A nan ya ga abin da ya juya masa kai. Ba bindigogin ba, ba kuma Baturen da ke tsaye a inuwa ba. Wani samanja ne, baƙin mutum kamarsa, gajere mai tumbi, gashin bakinsa a murɗe kamar ƙahon rago, da 'yar sanda a hammata da usur a baki. Mutumin nan bai ɗaga ko tsinke ba. In ya busa usur, ƙarti ɗari su tsaya cak. In ya daka tsawa, su juya kamar da igiya ɗaya aka ɗaure su. Maharazu ya yi kwana huɗu yana kallo baki buɗe. Ya ce a ransa ashe akwai sana'ar da aka yi dominsa, shekara talatin da biyar yana yawo bai sani ba.

Kafin ya baro Kano ya ba wani kukun soja jemammiyar fatar akuya, ya karɓi wani tsohon usur da ya yi tsatsa, ya rataya a wuya. Ya kuma daina aske gashin baki.

Da ya iso gida, matarsa Fulera ta kawo masa ruwa, ta dubi abin da ke lilo a ƙirjinsa.

"Maigida, sabuwar laya ka yo?"

"Ke dai ba ki san duniya ba," in ji shi. "Wannan ɗan ƙarfen da kike gani, shi ya ci Kano."

"To madalla. Gishirin da na ce ka taho da shi fa, ko shi ma ya cinye?"

'Yan damben Rano a lokacin su shida ne, kuma ba na wasa ba. Jagoransu wani dattijo ne, Baba Ishiyaku, babba a cikin mahautan gari, wanda ya fi shekara goma yana zagayawa da su. Shagonsu, wato gwanin da ake ajiyewa sai ƙarshen wasa, shi ne Shitu, dogo, bahago, ba ya son magana. Kakar da ta wuce ya kashe mutum goma sha ɗaya. Kisa a bakin 'yan dambe shi ne ka sa mutum ya taɓa ƙasa, ko da gwiwa ko da hannu. Bayan Shitu sai Gwadabe, ƙato mai ƙarfin bijimi, wanda duk abin da babba ya ce masa shi zai yi, ba ya tambayar dalili. Sai tsoho Alu mai kalangu, wanda ya san taken kowannensu, ya san kuma lokacin da zai sa wa mutum kiɗan da zai tuna masa da ubansa.

Tsakiyar damina wani sa ya harbi Baba Ishiyaku a gwiwa. Kaka ta zo bai iya taka ƙafar ba. Aka rasa wanda zai ja tafiya, don sauran manya ba mai barin rumfarsa. Maharazu bai jira an neme shi ba, ya aika cewa shi zai ja. Da Baba Ishiyaku ya ga ba wani, sai ya kira shi zaure.

"Maharazu, ba dambe na ce ka koya musu ba, sun iya. Ka tabbata sun ci sun ƙoshi. Ka gai da masu gari da ladabi, ka nema musu masauki. In an shiga fage, ka sami wuri ka zauna ka yi shiru."

"Baba, ka kwantar da hankalinka," in ji Maharazu. "Bana sai an ji labarinmu har Zazzau."

Wannan alkawari dai ya cika shi.

Washegari da sassafe mutanen unguwa suka ji wani kuka mai tsini a bayan mayanka, kamar an taka wutsiyar gafiya. Suka fito suka tarar da 'yan dambe shida a layi, Maharazu yana safa da marwa a gabansu da karan dawa a hammata. Ya ce daga yau sunansa Samanja. Ya ce abin da ya sa Bature ya ci ƙasar nan ba ƙarfi ba ne, tsari ne, su kuma dambensu na jahilci ne, kowa ya shiga ya yi ta jifa da hannu kamar mai korar ƙudan zuma.

Ɗan dambe a duƙe yake tsayawa, ƙafa ɗaya gaba, haɓa a ɓoye, buɗaɗɗen hannu yana tare masa fuska, naɗaɗɗen yana baya yana jiran kafa. Samanja ya ce wannan tsayuwar ɓarawon kaji ce. Namiji a miƙe yake tsayawa, ƙirji waje, haɓa sama. Ya koya musu in sun ji usur sau ɗaya su ƙame, hannuwa a cinya. Ya koya musu takawa hagu dama, hagu dama, tun daga mayanka har gindin dutse. Kafin kowace karawa, in ji shi, za su kewaye shi su haɗa kai, ya zana musu dabara a ƙasa da karansa. Alu kuwa, Samanja ya umarce shi ya rataye kalangu. Soja ba ya yaƙi da roƙo.

Alu ya dube shi sama da ƙasa.

"Ɗan nan, na yi wa ubanka kiɗa ran sunanka. Yanzu ni za ka musanya da kukan tsuntsu?"

"Baba Alu, zamani ne ya juya. Ka biyo mu dai ka ga aiki."

Alu ya ce zai biyo su, don shi ma yana son ya ga aikin.

Suka fara da Madachi. Bayan la'asar fage ya cika, mata a bayan maza, masu goro da masu rake suna kewayawa. Gwadabe ne ya fara fita. Da jini ya ɗebe shi sai ya manta da fareti, ya duƙa yadda ya saba, ya dinga tura ɗan Madachi baya har ya kai shi bakin 'yan kallo. Saura naushi ɗaya. Murna ta kama Samanja, ya zabura ya busa usur iya ƙarfinsa. Gwadabe ya ƙame. Hannuwa a cinya, ƙirji waje, haɓa sama. Ɗan Madachi ya waiwaya hagu, ya waiwaya dama, ko wani babba ne ya iso ake girmamawa. Da bai ga kowa ba, sai ya gyara tsayuwa a tsanake ya zabga masa a haɓar da aka miƙo masa. Faɗuwar Gwadabe sai da ƙasa ta amsa.

Huɗu daga cikin shida suka sha ƙasa ran nan. Shitu ya shiga ba kiɗa, ya yi turmi uku yana zagaye kamar wanda ya ɓatar da wani abu, aka raba su ba kisa. A hanyar masauki Samanja ya bayyana musu cewa fagen Madachi a karkace yake, kuma ya ga wani tsoho yana tofa wani abu a kusurwar gabas.

Kafin su isa Rurum ya fito da sabuwar dabara. Ya ce ciwon naushi ne ke karya musu zuciya, don haka ya sa wani maɗinki ya yi musu 'yan riguna shida, aka cusa musu auduga aka ɗinke kamar katifa. Ɗan dambe kuwa daga shi sai warki yake shiga fage. Da 'yan Rano suka fito a layi, hagu dama, kowa ya kumbura kamar buhun kuka, sai jama'a suka zuba musu ido. Can wani dattijon Rurum ya taso da sandarsa, ya zo ya yi musu sannu da gaske, ya tambaya ko masassara ce ta kama su duka lokaci guda. Aka fashe da dariya har wasu na riƙe ciki. 'Yan Rurum suka ce sun yarda a yi a haka. Rana tana dukan duwatsu, zafi yana dawowa fage. Kafin turmi na biyu auduga ta sha gumi ta yi nauyi, hannu ba ya ɗaguwa, numfashi ba ya fita. Ba a ma sha wahalar kashe su ba. Da aka tashi, wata tsohuwa ta biyo su har masauki tana roƙon a bar mata rigunan in an gama da su, tana da kaɗi a gida.

A Unguwar Gai abin da ya kashe su haɗa kai ne. Suka kewaye Samanja, ya durƙusa ya zana layuka a ƙasa, ya ce da wani saurayi a cikinsu, Sule, ya kai wa mutuminsa hannu ta sama sau biyu na ƙarya, in ya ɗaga hannun tarewa ya soke shi ta ciki. Dabara ce mai kyau. Sai dai Maharazu tun da aka haife shi bai taɓa iya raɗa ba. Har masu sayar da rake a bayan fage sun ji. Ɗan Unguwar Gai ya ɗaga hannu daga inda yake zaune ya ce, "Mun gode, Samanja. Sau biyu ka ce ko sau uku?" Sule ya shiga ya yi yadda aka ce masa, don ba a ba shi wata ba. Aka ɗauke shi ranga-ranga.

Garuruwa uku, ko hula ba su samu ba. Labari ya riga su zuwa ko'ina. Suna tafe a hanya, manoma masu ɗaurin kara sai su ajiye aiki su ƙame, hannuwa a cinya, har su wuce. Samanja ya ɗauka girmamawa ce, yana ɗaga musu karansa.

Daga nan suka sauka a wani ƙauye da ke gindin dutse, rabin yini kafin Kibiya. Mai garin mutum ne mai karamci. Ya aiko da dambu da man shanu da ƙwarya biyu ta kindirmo. Samanja ya ce kindirmo yana kashe wa ɗan dambe jiki, don haka ya hana su, ya sadaukar da kansa ya shanye. Kafin azahar cikinsa ya fara kiɗa. La'asar ta yi yana zarya tsakanin masauki da bayan gari da buta a hannu, ko usur ɗin ba ya iya busawa, don busawa tana bukatar yunƙuri, yunƙuri kuwa ba shi da tabbas.

'Yan dambe suka tafi fage su kaɗai. Alu ya matso bakin fili. Ya kwance kalangunsa daga cikin tsumma, ya matse shi a hammata, ya saki taken Shitu. Waɗanda suka gani sun ce Shitu ya tsaya cak, tsikar jikinsa ta tashi, ya yi wata kururuwa da bai yi ba tun bara. Ya kashe mutum uku a jere kafin rana ta faɗi. Gwadabe ya kashe ɗaya, Sule ya kashe ɗaya. Suka dawo masauki da rago da riguna biyu, matan ƙauyen na biye da su da guɗa.

Samanja ya fito yana dafa bango. Ya dubi ragon, ya ɗauki rigar da ta fi aiki a wuya ya zura.

"Kun gani ko? Horo ba ya nuna kansa rana ɗaya. Yanzu ya fara kama jikinku."

Shitu ne ya tanka, mutumin da a wata guda na tafiyar nan bai yi magana goma ba.

"Samanja, ran da ba ka nan muka ci."

"Me ka ce?"

"Na ce ran da ba ka nan muka ci. Ka bar Baba Alu ya yi kiɗansa, ka zauna ka yi shiru yadda Baba Ishiyaku ya ce."

Gashin bakin Maharazu ya yi rawa. A bariki ya ga abin da ake yi wa sojan da ya mayar wa na gaba magana. Ya nuna wani dutsen niƙa da ke jingine a tsakar gida, ya ce Shitu ya ɗora shi a ka ya kewaye masauki sau goma, kuma a Kibiya ba zai shiga fage ba, a gefe zai zauna ya koyi ladabi. Shitu ya dubi dutsen. Ya warware zaren hannunsa a hankali, ya dunƙule shi ya sa a jaka, ya durƙusa ya yi wa Alu sallama, ya fita. Uwarsa 'yar Kibiya ce, kawunnansa can suke fawa, kuma sun daɗe suna zawarcinsa.

Kibiya ce ƙarshen zagaye, kuma ita ce wadda ake ji da ita, don tsakanin mahautan Rano da na Kibiya akwai tsohuwar gaba ta wasa, wadda ake gada kamar gona. Jagoran 'yan Kibiya, Haliru, ya taro su tun daga bakin gari da fara'a.

"Maraba da Samanja, maraba da sojan Rano. Mun share fage mun daidaita shi, mun kori duk tsohon da ke tofi. In akwai abin da ya rage ka faɗa tun yanzu."

Fagen ran nan ba masaka tsinke, har kan rassan kuka mutane ne. Da 'yan Kibiya suka fito, Shitu na tsakiyarsu, hannun hagu a naɗe. 'Yan Rano suka dubi juna. Gwadabe ya ce wuyansa ya riƙe tun safe. Sule ya ce shi bai taɓa dukan wanda suka ci tuwo a akushi ɗaya ba, ba kuma yau zai fara ba.

A al'adar dambe, mai neman karawa yakan tako har gaban abokan hamayya ya miƙa naɗaɗɗen hannunsa ga wanda yake so. Shitu ya tako. Ya wuce Gwadabe, ya wuce Sule, ya wuce sauran. Ya tsaya a gaban Maharazu, ya miƙa masa hannu har zaren yana taɓa gashin bakinsa.

Fage ya ɗauki ihu. Maharazu ya ce shi jagora ne, jagora ba ya shiga. Haliru ya ce ai shi ma jagora ne, kuma bara ya shiga. Maharazu ya ce ba shi da zare. Aka miƙo zare daga wuri huɗu. Yana cikin neman wata mafita sai ya ji kalangu a bayansa. Alu ne, makaɗinsu na Rano, ya saki tsohon taken gidan su Maharazu, yana kiran sunan ubansa da na kakansa ɗaya bayan ɗaya, a gaban mutanen Kibiya.

Gaskiya dai a faɗe ta, ya tashi. Ya tuɓe rigar da ba shi ya ciyo ba, ya miƙa hannu Gwadabe ya naɗe masa. Ya shiga tsakiyar fage da tumbinsa. Jikinsa yana ce masa ya duƙa ya ɓoye haɓa, amma wata guda yana zagin masu duƙawa, ga yaransa suna kallo. Sai ya miƙe, ƙirji waje, haɓa sama.

Shitu ya kewaye shi sau ɗaya. Ya kewaye shi sau biyu. Ya ja hannun hagun nan baya, wanda ya kwantar da mutum goma sha ɗaya bara, ya yi taku ɗaya gaba. Maharazu ya ga dunƙulen zare yana tahowa. Ya runtse ido. Gwiwoyinsa suka yanke shawara ba su tambaye shi ba, sai ga shi durƙushe a ƙasa. Hannun Shitu yana nan a sama, bai sauko ba. Ko iskarsa ba ta taɓa shi ba.

Alƙalin wasa ya zo ya leƙa, ya ce gwiwa ta taɓa ƙasa, kisa ne. Abin da ya biyo baya ba ihu ba ne, wani abu ne da ya fi ihu. Wani ya faɗo daga kan kuka don dariya. Dattawan Kibiya suka ce sun ga kisa da naushi, sun ga kisa da ƙafa, amma kisa da niyya yau suka fara gani. Usur ɗin ya tsinke a cikin turmutsutsu, wata mata ta tsinta, aka ce ta daɗe tana kiran awakinta da shi.

Maharazu ya tashi ya kakkaɓe gwiwa. Tun kafin a warware masa zare bakinsa ya dawo.

"Ku jahilai ne. Sojan Bature ma sai ya durƙusa kafin ya yi harbi. Alƙalin ne ya yi gaggawa."

Suka koma Rano da rago ɗaya da riga ɗaya, don ɗayar ta ɓace a Kibiya. Baba Ishiyaku ya saurari labari daga bakin Alu tun daga Madachi har ƙarshe, bai katse shi ba. Da aka gama ya sa aka kira Maharazu.

"Na ba ka mutum shida da makaɗi. Ina Shitu?"

"Baba, wanda ba ya bin oda ba shi da amfani a runduna."

Baba Ishiyaku ya lalubi sandarsa. Maharazu ya ɗauka tashi zai yi, ya matso ya taimaka masa. Sai da ta sauka a kafaɗarsa ya gane.

Shitu bai dawo ba. Ya yi aure a Kibiya, ya yi shekara shida yana kwantar da 'yan Rano duk kaka. Baba Ishiyaku ya koma jan tafiya a kan jaki, da ƙafa ɗaya a miƙe. Sai da ya yi kaka biyu kafin ya raba Gwadabe da ƙamewa in ya ji tsuntsu ya yi kuka mai tsini.

Mai tsammanin Maharazu ya lalace daga nan bai san zamanin ba. Bayan shekara biyu aka zo aikin hanyar mota, aka ɗebo talakawa daga ƙauyuka, kowane gida mutum ɗaya, ko suna so ko ba sa so. Baturen aikin yana neman wanda zai tsaya a kansu. Ya zo wucewa ta kasuwar Rano, ya ga wani mutum mai murɗaɗɗen gashin baki ya ƙame a bakin hanya ya sara masa, shi kaɗai a cikin jama'a. Ya tambayi tafinta ko tsohon soja ne. Maharazu bai ce e ba, bai ce a'a ba, ya ce dai ya taɓa jan runduna. A ranar aka naɗa shi helma.

Shekara goma sha tara ya yi yana wannan aiki. Bai taɓa ɗaukar kwandon ƙasa ba, bai taɓa riƙe diga ba. Ya yi ƙiba, ya gina soro, ya sayi doki. Mutanen da suka yi masa dariya a Madachi da Rurum da Unguwar Gai duk sun zo hannunsa ɗaya bayan ɗaya, da kwando a ka, kuma bai manta fuskar kowa ba. Gwadabe ma ya yi wata uku a ƙarƙashinsa, yatsunsa da dambe ya karkatar ba sa iya riƙe kwando da kyau, Samanja yana bin sa da tsawa.

Ya rasu da tsufansa, a kan gadonsa, da haƙoransa cif. Jana'izarsa ta yi jama'a, don 'ya'yansa biyu a lokacin suna aikin hukuma, kuma kowa yana son a gan shi a wurin. Fulera ta yi takaba, ta sayar da dokin, ta sayi tumaki.